Shaihu Umar a Bakin Wuta

Ran nan sanyin hunturu ya tara mu a bakin wuta, na karanta wa yara littafin Shaihu Umar, na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Da muka iso inda uwar Umar, bayan ta ratsa hamada cikin bauta tana nemansa, ta gan shi sa'an nan ta cika, sai kowa ya yi tsit. Ni kuwa na tuna da kakata, Allah ya jiƙanta, da takan ambaci ƙanenta da mahara suka sace, kullum in an hura wuta.

Ƙarfin littafin shi ne bai yi wa baƙin ciki ado ba. Aibinsa guda, ya gaggauta saduwar nan. Uwar da ta sha wannan wuya ta cancanci a daɗe da ita.