Furen Langa: Nazarin Zanen Furanni a Kayan Jere na Difa

A Turai akwai wani reshe na zane da fentin mai wanda ba a nuna mutum a cikinsa, sai furanni cikin tulu. Ya bunƙasa a Holan cikin ƙarni na 17, kuma Rachel Ruysch (1664-1750) tana cikin gwanayensa. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ya zama adon bangon kowa. Mai ƙimanta irin wannan zane yakan duba abu uku: sa hannun mai zanen, da bayan ƙyallen, da lafiyar fentin.

A Difa da garuruwan bakin Komadugu, bisa langa da fanteka furen nan ya sauka. Cikin shekarun 1950 daga Hong Kong ake kawo kwanonin da yawa, kafin masana'antun Ikko da Kano su kama ƙera su cikin shekarun 1960. Daga nan suka shiga jeren amare, inda a da ƙwarya ke sarauta.

In aka auna furen langa da ma'aunin Turai, rauninsa a fili yake. Ta kafar alwashi ake fesa launin, sannan a gasa. Saboda haka babu inuwa, babu zurfi, fure ɗaya ne a bisa murfi dubu. Kuma baƙo ne: bai yi kama da badon tabki ba, balle ɗan farin furen tattasai da manomin Komadugu ya sani. To amma wannan ma'auni bai dace da shi ba. An tsara furen ne ya bi da'irar murfi, a kuma hange shi cikin sahu. Ja da shuɗi da ɗorawa sai sun jeru kyansu ke fita. Ashe bangon ɗakin gaba ɗaya shi ne zanen, mai jere kuwa ita ce gwanar.

Abin lura shi ne, dillaliya ma abu uku take dubawa: ta kife kwano ta ga tambarin gindinsa, ta ƙwanƙwasa ta ji amonsa, ta bi bakinsa ko ya ɓantare tsatsa ta shiga. Wannan ilimin ƙima ne cikakke, mai kalmominsa.

Roba da bakin ƙarfe sun rage wa langa daraja. Hare-haren da suka faɗa wa Boso da Difa a Fabrairun 2015 kuma sun raba iyalai da yawa da ɗakunansu. Ya kamata manazarta su tattara sunayen kwanoni da na launuka daga bakin tsofaffin mata, da Hausa da Barbarci, tun suna raye. Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci su ma su lura: idon da ya saba da furen langa ya riga ya iya karatun hoto mai kaifin launi marar inuwa. Daga abin da ɗalibi ya sani ake fara darasi.