Madugun Zamani: Jaka a Baya, Waya a Hannu

Akwai wata gwaninta da ta bunƙasa a tsakanin matasan Afirka wadda ta cancanci a tsaya a yaba mata. Mutum ya rataya jaka ɗaya, ya ƙulle guzurin da bai taka kara ya karya ba, ya tsallaka iyaka, ya dawo da bidiyon da dubban mutane za su zauna su kalla. Wanda bai sani ba sai ya ce yawon banza ne. Amma duk wanda ya san yadda kuɗin mota daga Safana zuwa Katsina kaɗai ke girgiza aljihu a yau, ya san cewa kai kanka Agadas ko Kumasi da kuɗin talaka aikin masu basira ne.

Bahaushe ba baƙon wannan hanya ba ne. Fataken Katsina da Kano sun yi ta kai tufafi da kanwa Gwanja suna dawowa da goro, tafiyar watanni a ƙarƙashin madugu wanda ya san inda ruwa yake, da inda za a yada zango, da sarkin da za a kai wa gaisuwa. Ba da labarin tafiya ma tsohon aiki ne a wurinmu. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Matashin da ke yawo da waya a yau ya haɗa aikin madugu da na marubuci ne a hannu ɗaya.

Gwanintar tana farawa tun kafin a bar gida. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan Najeriya damar shiga ƙasashe irin su Binin, Togo da Ghana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin shawara. Sai dai takarda ba ta isa ba. An rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a 2024, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka gwani ba ya dogara da abin da ya ji bara. Yakan je tasha ya tambayi direbobin Jibiya abin da ake nema a kan iyaka, a Magama da Ɗan Isa, a wannan makon, ya kama hanya da sassafe, don ɗan Safana ko Batsari ba ya bukatar a gaya masa abin da ya sa ba a tafiyar dare.

Sai kuma lissafi, kuma a nan ne ake gane ƙwararre. Abu uku ke cinye guzuri: mota, masauki da abinci. Gwani yakan ware kuɗin komawa gida tun ranar farko, ya ɓoye su daban, ba ya taɓa su ko da yunwa ta matsa. Yakan shiga motar da 'yan gari ke shiga, ya ci abincin da suke ci a bakin kasuwa. Jakarsa ba ta wuce kaya kala biyu ko uku, dardumar salla, magunguna da abin cajin waya, don duk kayan da ya kai a sa shi a but kuɗi ne. Ya san a Maraɗi da dala ake ƙirga sefa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Wanda bai san haka ba zai sha mamaki a gaban mai shayi.

Babban jarinsa kuwa harshensa ne. Daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa da Agadas, Hausa ce ke sayen abinci ta tambayi hanya. A Kwatano da Lome da Kumasi akwai zango, akwai masallaci, akwai dattijon da kakansa ya fito daga ƙasar Hausa. Matafiyi mai ladabi yakan fara da gaishe da liman ko sarkin zango, ya bayyana kansa da abin da ya kawo shi, ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa. Sau da yawa daga nan ake samun wurin kwana, da mai rakiya, da labarin da ba ya cikin kowane littafi. Bature mai yawon buɗe ido sai ya biya tafinta kafin ya ji rabin abin da ɗan Safana zai ji kyauta.

Ɗaukar hoton ma sana'a ce mai ƙa'ida. Gwani yakan fito da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ya yi laushi. Yakan riƙe wayar a kwance, ya dafe gwiwar hannu a jikinsa don kada hoton ya yi rawa. Kowane wuri yakan ɗauke shi sau uku: daga nesa a ga kasuwar gaba ɗaya, daga kusa a ga mai tukuɗi, sannan dab da dab a ga hannunta a kan ƙwarya. Ya san mai kallo zai jure hoton da bai fita sosai ba, amma ba zai jure muryar da iska ta cinye ba, don haka ƙaramin makirfo yake fara saya kafin ya yi mafarkin babbar kyamara. Yana neman izini kafin ya ɗauki fuskar kowa, musamman mata, kuma ba ya kusantar shingen jami'an tsaro da waya a buɗe. Da dare sai ya zauna ya tace: awa biyu ta koma minti goma, ya faɗi nawa ya biya a kowace mota, don abin da mai kallo ke son ji ke nan.

Ribar ba ta zuwa da wuri. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 ta kallo cikin wata 12. Tayo Aina ya yi tuƙin Uber a Legas kafin sunansa ya fito, Wode Maya ɗan Ghana kuma ya fara ne yana ɗalibi a Sin. Abin da ya ɗaga su shi ne naci, da nuna Afirka yadda mutanenta ke ganinta. Da Turanci suke yi. Filin Hausa, mai miliyoyin masu kallo, har yanzu yana da sarari.

Wannan ne ya sa nake ganin sana'ar ta dace da yankinmu. A 2021 an katse layin waya a Safana da Batsari da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, kuma har yau wanda ke nesa ba ya jin sunan garuruwan nan sai a labarin hari. Matashin da ya iya ba da labarin garin wani zai iya ba da na garinsu: manomansa, maƙeransa, malamansa da ranar kasuwarsa.

Don haka, ɗan'uwa, kada ka jira sai ka tara kuɗin jirgi. Fara da kasuwar garinku, ka je Katsina ka ɗauki hasumiyar Gobarau, ka gwada Maraɗi idan hanya ta yi kyau. Nemi albarkar iyaye, ka faɗa musu inda za ka kwana, ka riƙe gaskiya a cikin abin da kake nunawa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.