Tagwayen Tibis Tsakanin Bakin Mawaƙi da Hannun Masassaƙi

A adabin Girkawa na dauri an sha danganta kafuwar birni da tagwaye, kuma abin ba baƙo ba ne ga masu nazarin tarihihin Bayajida, tun da a wata ruwayarsa ana cewa Kano da Rano tagwaye ne. Wannan maƙala za ta dubi Amfiyon da Zetus, waɗanda aka ce su suka gina ganuwar birnin Tibis mai ƙofa bakwai, don a ga yadda mawaƙa suka fahimce su, da kuma abin da ya salwanta sa'ad da labarinsu ya faɗa hannun masassaƙa.

Ga yadda hikayar take a taƙaice. Antiyofi ta sami ciki da Ziyus, babban abin bautar Girkawa, ta haifi tagwaye a kan dutsen Kitairon, aka yar da su, wani makiyayi ya tsince su ya rena. Ita kuwa ta koma hannun baffanta Likus, mai mulkin Tibis, da matarsa Dirki, suka yi ta gana mata azaba shekara da shekaru. Da ta kuɓuce ta iske 'ya'yanta sun zama samari, sai suka kama Dirki suka ɗaure ta a jikin bijimi, ya ja ta har ta mutu, watau irin kisan da ta shirya wa uwarsu. Bayan haka ne sarauta ta dawo gare su, suka kewaye birnin da ganuwa.

Abin da ya fi jan hankalin mawaƙa shi ne saɓanin halin tagwayen. Zetus makiyayi ne kuma maharbi, mai ji da ƙarfi. Amfiyon kuwa makaɗi ne, wanda Harmis ya ba shi molo, har Fausaniyas ya ruwaito cewa shi ya ƙara tsirkiya uku a kan huɗu na asali suka zama bakwai. Homa, a littafi na 11 na Odisi, ya ambace su tare a matsayin magina, bai ko kawo zancen kiɗa ba. Yurifidis ne, a ƙarshen ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya mai da wannan bambanci gardama sosai cikin wasan kwaikwayonsa mai suna Antiyofi. Wasan ya ɓace, sai guntattakinsa, ciki har da wanda aka samo a takardun Masar aka buga a 1891, amma abin da ya rage ya isa a gane inda kowa ya dosa. Zetus na zargin ɗan'uwansa da lalaci, yana ganin namiji ya kamata ya riƙi noma da kiwo da makami, ya bar kaɗe-kaɗen da ba sa cika rumbu. Amfiyon na ganin gari da hankali ake tafiyar da shi, kuma shawara guda mai kyau ta fi hannuwa da yawa. Gardamar ta yi nauyin da Aflatun ya ɗauko ta cikin littafinsa Gorjiyas, inda Kalikilis ya ari bakin Zetus don ya muzanta Sokratis da sana'arsa ta tunani. Duk malamin adabin da aka taɓa tambayarsa amfanin abin da yake koyarwa ya san wannan gardama, ko da bai taɓa jin sunan Zetus ba.

To, sai a waiwayi sassaƙa. Mafi shahara a kan tagwayen ita ce wadda ake kira Bijimin Farnese, da aka tono a kangon gidan wankan Sarki Karakalla a Roma wajen 1545, wadda a yau take gidan adana kayan tarihi na Nafoli. Tsayinta ya kusa mita 4, kuma daga dunƙulen marmara guda aka fitar da ita. Filini ya ambaci irinta, ya ce aikin Afoloniyus da Tauriskus ne, mutanen Taralis, kuma daga tsibirin Rodos aka kawo ta Roma. Masana da dama na ɗaukar ta Nafoli a matsayin kwafi na farkon ƙarni na 3 Miladiyya. A cikinta Amfiyon ya damƙe ƙaho da bakin bijimin da ke zabura, Zetus na riƙe da igiya, Dirki na ƙasa tana roƙon rai, kare na tsalle, Antiyofi na tsaye daga baya.

Gwaninta kam akwai ta, ba mai musu. Amma wanda ya zo neman tagwayen Yurifidis ba zai same su a nan ba. Samari biyu ne tsirara, ƙira ɗaya, damtse ɗaya, aiki ɗaya. Ba domin molon da aka jingine kusa da ƙafar ɗayansu ba, da ba a san wane ne makaɗin ba. Wato abin da ya sa Amfiyon ya zama Amfiyon an ajiye shi gefe kamar alamar suna, shi kuwa an mai da shi Zetus na biyu. Dole a yi hattara wajen kafa hujja da fuskoki, domin babban ɓangare na jikin tagwayen gyara ne na ƙarni na 16, amma tsarin tsayuwar tsoho ne, kuma zanen bangon gidan Betti a Fomfeyi, wanda aman wutar dutse ta binne a shekara ta 79, shi ma kisan Dirki ya zaɓa, da samari biyu masu kama da juna.

Dalili biyu ake iya kawowa. Idon masu fasahar wancan zamani ya saba da Kasto da Folidukis, tagwayen Isfata, waɗanda kusan kullum ake nuna su kamar an tsaga kara, kowa da dokinsa da hularsa, sai wannan sabo ya rinjayi sauran tagwaye. Na biyun ya fi ƙarfi: dutse na iya nuna jijiya da zabura, amma ba ya nuna sauti. Ginin ganuwa da kiɗa abu ne da kunne ke gaskatawa kafin ido.

Shi ya sa hoton tagwayen da ya fi kowanne cika bai taɓa wanzuwa a dutse ko bango ba. Afoloniyus na Rodos, mawaƙin ƙarni na 3 kafin Miladiyya, wanda ba shi ne masassaƙin da aka ambata ba, ya siffanta adon da ke jikin alkyabbar jarumi Jason cikin littafin farko na Argonotika. A can Zetus na ɗauke da ƙoƙuwar dutse a kafaɗa yana nishi, Amfiyon na biye yana kaɗa molon zinariya, dutsen da ya ninka na ɗan'uwansa girma na bin sawunsa. Mawaƙin ya goyi bayan makaɗi, kamar yadda ake zato, sai dai bai hana Zetus guminsa ba, kuma ganuwar ta su biyun ce.

A nan suka bambanta da Romulus da Remus, waɗanda ganuwar Roma ta zama sanadin kisan ɗayansu. Fausaniyas, wanda ya zaga Girka a ƙarni na 2 Miladiyya, ya iske mutanen Tibis na nuna wani ɗan tudu a matsayin kabarin tagwayen su biyu. Ya ce a wani lokaci na shekara sukan yi gadinsa, don kada mutanen Titoriya su saci ƙasarsa su zuba a kabarin Antiyofi, albarkar noma ta bi su.