Nazari a kan finafinai biyu na Mustafa Alasan

Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015, yana cikin waɗanda suka kafa harsashin silima a Nijar. Ya yi shekarunsa na ƙarshe a birnin Tawa, inda ya mai da wasu ɗakunan masauƙin baƙinsa wurin aiki. Wannan nazari ya shafi biyu daga cikin ayyukansa da suka yi suna, domin a tantance wanda ya fi dacewa a nuna a cibiyoyin yaƙi da jahilci na ƙasar Adar.

Na farko shi ne Le Retour d'un aventurier, watau dawowar ɗan yawon duniya, na 1966. Wani saurayi ya komo gida daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Da suka sa kayan sai suka sake sunaye, wannan Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar da Zalika Sule ta fito a matsayinta kuwa Reine Christine. Daga nan suka addabi gari da sata da duka, ƙarshe suka juya wa junansu.

Na biyu shi ne Toula, na 1973, wanda ya shirya tare da Bajamusa Anna Soehring bisa wani labari na Bubu Hama. Fari ya tsananta, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, aka zaɓi Tula. Masoyinta ya tafi neman ruwa don ya cece ta, amma kafin ya komo da albishir tafki ya riga ya haɗiye ta.

Ta fuskar kyan hoto da natsuwar labari, Toula ya fi. An kuma yi shi a tsakiyar farin 1968 zuwa 1974, wanda ya halaka dabbobin makiyaya a arewacin Adar. Sai dai labarinsa yakan bar mai kallo cikin juyayi, kuma juyayi ba ya cika buɗe bakin ɗalibi.

Fim na farko gajere ne, bai fi rabin awa da kaɗan ba, kuma gaggawa ta bayyana a wasu wurarensa. Duk da haka ya taɓo abin da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Aron kalma ba aibu ba ne: Hausa ta ari "littafi" daga Larabci, "lakkwal" daga Faransanci, ta tanƙwara su bisa tsarin sautinta. Samarin nan kuwa sun ari suna da tufa ba tare da sun tanƙwara kome ba, shi ya sa aron ya raba su da iyayensu. Adarawa, waɗanda samarinsu suka daɗe suna zuwa cin rani Abijan da Nijeriya da Libiya, sun san wannan akwati, sun san baƙin kalmomin da ke komowa tare da shi.

Saboda haka zaɓi ya faɗa kan Le Retour d'un aventurier. Malami na iya tsai da shi, ya nemi ɗalibai su kawo kalmomin da ƴan cin rani suka shigo da su garinsu, a rubuta su a allo, a rarrabe waɗanda suka zauna da waɗanda suka ɓace. Darasin karatu da rubutu ya samu ke nan daga bakin ɗaliban kansu.