Ry Cooder: Gwanin Gita da Ya Zaɓi Zaman Ɗan Amshi

A kiɗan gargajiyarmu akwai uban kiɗi, akwai ƴan amshi. Uban kiɗi ke da suna da kyauta, amma duk wanda ya san harkar ya san cewa in amshi ya lalace waƙa ta mutu. Ry Cooder, makaɗin gita ɗan Amurka da aka haifa a birnin Los Angeles a 1947, ya shafe sama da shekara 50 yana zaɓar zaman ɗan amshi a bayan makaɗan wasu ƙasashe, alhali yana da gwanintar da za ta sa shi gaba. Abin da ya kamata a auna shi ne ko wannan zaɓi tawali'u ne na gaskiya, ko kuwa wata dabara ce ta fatauci. Zancen ya shafe mu, domin ɗaya daga cikin manyan ayyukansa da mutumin kogin Kwara ya yi shi.

Sai mun fara da hannunsa. Cooder ya yi fice wajen kiɗa gita da guntun wuyan kwalba da yake sa wa yatsa, yana jan sa bisa tsirkiya maimakon ya danna ta. Da haka sauti ke zamewa daga wani amo zuwa wani ba tare da tsalle ba, kamar yadda goge ke kuka a hannun gwani. Daga tsofaffin faya-fayan baƙaƙen makaɗan kudancin Amurka ya koyi wannan, irin su Blind Willie Johnson. Tun yana saurayi ya kafa ƙungiyar Rising Sons tare da Taj Mahal, ya yi kiɗa a faifan Safe as Milk na Captain Beefheart a 1967, kana ya shiga aikin Rolling Stones: da hannunsa a faifan Let It Bleed na 1969 da Sticky Fingers na 1971. Keith Richards da kansa ya amsa cewa a wurin Cooder ya ga salon ɗaure tsirkiya wanda ya gina shahararrun waƙoƙin ƙungiyar a kansa. Wannan shi ne darasin farko da Cooder ya samu game da wanda ke shuka da wanda ke girbi, kuma a karon nan shi ne aka ci guminsa.

Daga 1970 ya soma fitar da faya-fayan kansa, sai dai maimakon sababbin waƙoƙi ya riƙa tono na talakawa da aka manta: na manoman da fari ya kora, na leburorin jirgin ƙasa, na masu wa'azin bakin hanya. A faifan Chicken Skin Music na 1976 ya haɗa Flaco Jiménez, mai akodiyon na Teksas, da Gabby Pahinui na tsibirin Hawai. Kasuwa ba ta karɓi waɗannan ayyuka da hannu biyu ba, sai sinima ta ciyar da shi. Kiɗan da ya yi wa fim ɗin Paris, Texas na Wim Wenders a 1984 shi ne ƙololuwar fasaharsa: gita ɗaya, amo kaɗan, shiru mai yawa. Wanda ya taɓa ratsa hanyar Tawa zuwa Agadas da rani zai gane irin faɗin da ke cikin wannan kiɗa.

Aikin da ya fi kusa da mu shi ne Talking Timbuktu, wanda aka ɗauka a Los Angeles a 1993, ya fito a 1994, ya kuma ci kyautar Grammy. Ali Farka Touré na Niyafunke ne mai waƙa, cikin harsunan Sonrai da Fulatanci da Tamashek da Bambara, uku daga cikinsu harsunan da muke ji a kasuwanninmu. A bangon faifan sunan Ali ne a gaba, na Cooder na biye, kuma haka abin yake a kunne. A waƙoƙi irin Soukora da Gomni, sai mai saurare ya kasa kunne sosai kafin ya tsinci gitar baƙon, domin tana bin ta Ali ne a hankali, tana cike gurbin da ya bari, ƙwaryar Hamma Sankaré kuma na riƙe da tafiyar. A nan Cooder ya cika sharaɗin ɗan amshi na ƙwarai.

Amma faifan bai rasa tabo ba. A Amandrai da Ai Du, inda aka shigo da gangunan Jim Keltner da gitar bas ta John Patitucci da tsoho Clarence Gatemouth Brown, an ja kiɗan zuwa ga bulus ɗin Amurka har ya yi nauyi. Ganga ta daddatsa lokaci gida-gida, alhali kiɗan Ali juyawa yake kamar ruwa a gulbi. Waɗannan waƙoƙi su suka fi burge Turawa, domin sun tabbatar musu da abin da suke son ji, wato cewa Ali ɗan bulus ne na Afirka. Shi kuwa Ali ya sha faɗin cewa abin da su John Lee Hooker ke kaɗawa daga ƙasarsa ya samo tushe, ba shi ya ara ba. Ba banza ba ne ya sa aka kai kayan ɗaukar sauti har garinsu don faifan Niafunké na 1999, wanda a ganina ya fi Talking Timbuktu gaskiya, ko da bai kai shi suna ba.

Labarin Buena Vista Social Club ya ƙara fito da matsalar fili. A 1996 Nick Gold na kamfanin World Circuit ya shirya haɗa makaɗan Mali da na Kyuba a Habana. Mutanen Mali, Djelimady Tounkara da Bassekou Kouyaté, ba su samu isa ba saboda matsalar biza, sai aka ɗauki tsofaffin Kyuba su kaɗai: Compay Segundo, Ibrahim Ferrer, Rubén González, Omara Portuondo, Eliades Ochoa. Faifan ya fito a 1997, aka sayar da miliyoyi, tsofaffin da aka yi watsi da su suka hau dandalin Carnegie Hall a 1998. Haɗuwar da aka yi niyya tun farko sai a 2010 ta tabbata, a faifan AfroCubism. To amma wanda ya san gidajen waɗannan dattawa, ya tattaro su, ya tsara kiɗa, shi ne Juan de Marcos González, ɗan Kyuba. Fim ɗin Wenders na 1999 kuwa ya fi haska Cooder da ɗansa Joachim, har duniya ta ɗauka baƙo ne ya gano su. Masu suka suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan karin magana bai yi wa Cooder adalci duka ba. Dattawan sun samu suna da arziki a ƙarshen rayuwarsu, shi kuma gwamnatin ƙasarsa ta ci shi tarar dala 25,000 saboda karya takunkumin da ta sa wa Kyuba. Laifin ya fi rataya a wuyan kasuwar da ba ta buɗe kunne ga makaɗin Sahel ko na Habana sai Bature ya tsaya masa shaida. Cooder bai ƙirƙiro wannan kasuwa ba, amma ya ci moriyarta, kuma tawali'unsa na cikin kiɗa bai hana sunansa zama hatimin da ake sayar da kaya da shi ba. Wataƙila shi ma ya ji nauyin haka, domin daga 2005 ya koma gida: Chávez Ravine ya ba da labarin unguwar ƴan asalin Meziko da aka rushe a Los Angeles, aka gina filin wasa a gurbinta, a 2022 kuma ya sake zama da tsohon abokinsa Taj Mahal a faifan Get On Board.

Makaɗanmu na bin wannan turba. Bombino na Agadas ya ɗauki Nomad, wanda ya fito a 2013, a Nashville ƙarƙashin jagorancin Dan Auerbach, kuma faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar Grammy. Ma'aunin da aikin Cooder ya bar mana mai sauƙi ne, ana iya gwada shi da kunne: a duba sunan wa ke gaba a bango, a saurara ko ganga ta bi ƙwarya ko ta danne ta, a kuma tambaya ko makaɗin ya dawo gida da ikon ɗaukar faifai na gaba yadda yake so. Ali Farka ya dawo da wannan iko, ya yi noma, ya zama magajin garin Niyafunke a 2004, ya rasu a 2006. A kan sharuɗɗan nan uku, Cooder ya ci biyu sarai, na tsakiya kuwa ya ci rabi.