Kalmomin da Aka Yi wa Amina Lawal Shari'a da Su

Wanda ya san kudancin ƙasar Katsina ya san Bakori na maƙwabtaka da Ƙanƙara da Faskari, kuma Hausar da a ke yi a kasuwar Bakori ita ce a ke yi a Mabai da Sabuwa. A cikin wannan Hausa aka yi wa Amina Lawal, mutuniyar Kurami, shari'a a shekarar 2002, a cikinta kuma aka rubuta abin da aka faɗa. Kotun Shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jifa a watan Maris, don ta haihu ba ta da aure. Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin ran 19 ga Agusta. Sai ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe shi, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya.

An buga bayanin zaman kotunan nan uku a juzu'i na biyar na littafin da Philip Ostien ya tattara a kan aiwatar da Shari'a a Arewa, wanda ya fito a 2007. Fassara ce zuwa Turanci, wadda Aliyu Musa Yawuri, lauyan da ya kare matar, ya yi. Lauyoyi sun riga sun tattauna hukuncin ta fuskarsu. Abin da ya rage wa mai nazarin harshe shi ne ya dubi kalmomin da hukuncin ya tsayu a kansu, gama da an sāke ma'anar biyu ko uku daga cikinsu, da ba a zo ga maganar jifa ba.

Ta farko ita ce zina. Cikin hujjojin da lauyoyi suka kawo har da cewa ba a bayyana wa matar ma'anar laifin da a ke tuhumarta da shi ba. Mai karatu ya iya yin murmushi, ya ce wane Bahaushe ne bai san zina ba? Kalma ce da ta daɗe da barin Larabci ta zauna cikin Hausa, har ta haifi mazinaci da zinace-zinace. Amma fa zamanta cikin Hausa shi ne ya kawo rikicin. A bakin jama'a ma'anarta ta yi faɗi ƙwarai. Mai wa'azi ya kan yi maganar zinar ido da zinar hannu, ba kuwa wanda ya ke ɗauka haddi ya ke nufi. A littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar, waɗanda alƙalan ƙasar nan su ke hukunci da su, ma'anarta ƙunci gare ta: aiki ne ayyananne, daga baligi mai hankali, ba bisa tilas ba, ba kuma tare da wata shubuha ba. Watau kalma ɗaya ce a kunne, biyu a ma'ana. Alƙali ya yi tambaya da ta littafi, mai yiwuwa ne ƙwarai a amsa masa da ta kasuwa, muhuti kuwa ya rubuta kalmar sau ɗaya. Ba sabon abu ba ne lura da wannan. A labarin Ma'izu, wanda malamai su ke kafa hujja da shi a wannan babi, sai da aka yi ta mai da shi, aka tambaye shi ko ya san abin da kalmar ta ke nufi.

A nan ne fassara ta ke da iyaka, ko da ta fi kowace kyau. Mai fassara ya bar kalmar yadda ta ke, bai mai da ita Turanci ba, daidai kuwa ya yi. Sai dai Bature in ya gan ta tsakiyar Turanci, zai ɗauke ta baƙuwar kalma ta masana shari'a, ya ga lalle sai an fassara wa matar. Ba zai gane cewa sanin da ta yi wa kalmar, ya fi rashin saninta haɗari ba.

Ta biyu ita ce muhsina, ita kam ba ta shiga Hausa ba ko kaɗan. Bahaushe ya raba mata uku: budurwa, da matar aure, da bazawara. Fiƙihun Malikiyya ya raba su biyu a wannan babi: wadda ta taɓa yin ingantaccen aure aka tare, da wadda ba ta taɓa ba. Saboda haka bazawara, wadda jama'a su ke gani ba igiyar kowa a kanta, a littafi tana cikin sahu ɗaya da matar aure. Tsakanin bulala ɗari da rasa rai, wannan kalma ce kaɗai. Duk malamin da ya fassara wa ɗalibansa ita da “matar aure”, ya koya musu kuskure.

Game da iƙirari, magana kaɗan ta isa. Kotun Katsina ta ce mai iƙirari yana da ikon janye shi, ta kuma ga aibi cikin zaman alƙalin Bakori shi kaɗai, alhali doka ta ce ya zauna da mataimaka biyu. Abin da ya kamata a ƙara shi ne, “haka ne” a bakin macen ƙauye gaban manya ba kullum ta ke zama shaida ba, sau da yawa ladabi ce. Takarda kuwa ba ta ɗaukar murya ko sunkuyar da kai.

Kalma ɗaya ce cikin shari'ar duka ta ke Hausa tsantsa, ita ce kuma ta fi ba mutanen ƙasashen waje mamaki: kwantaccen ciki. Tsofaffin mata a kowane ƙauye sun san a kan ce ciki ya kwanta, ya yi shekaru kafin ya tashi. Malikiyya ma sun yarda ciki ya kan daɗe har shekara huɗu ko biyar. Da ya ke rabuwar Amina da mijinta ba ta kai haka ba, kotu ta ce a iya jingina cikin gare shi. Jaridun Turai sun yi ta ba'a, suna cewa likita bai san wannan ba. Gaskiya ne bai sani ba, amma sun duba abin ta inda ba nan ya ke ba. Mazhabar nan ita ce ta ɗauki cikin macen da ba ta da miji a kan hujjar zina, abin da Hanafiyya da Shafi'iyya ba su yi ba. Ita ce kuma ta buɗe wannan ƙofa mai faɗi don kada tsananin ya ci mutane. Wanda ya ɗauki tsananin ya bar ƙofar, rabin mazhaba ya ɗauka, haka kuwa aka yi a Bakori da Funtuwa.

Duk da haka akwai inda hukuncin Katsina ya bar mai karatu da ƙishirwa. Jingina ciki ga tsohon miji magana ce ta shari'ar iyali, tana jawo nasaba, da ciyarwa, da gādo, da waliccin aure in yarinya ta girma. Miji ba ya kuɓuta daga ɗan da shari'a ta ba shi sai ta hanyar li'ani. Tun daga dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, aka raba shari'ar laifi da ta aure, aka mai da hukuncin zina ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, aka bar wa fiƙihu aure da saki da gādo. Shekara arba'in ana tafe haka kafin Zamfara ta komo da haddi a 2000. Alƙalan da suka saba da rabuwar nan sun ɗauko ƙa'idar nasaba don su warware shari'ar laifi, ta kuwa warware, aka sallami uwar. Amma ƙarar da ke gabansu ta jifa ce, ba ta nasaba ba, tsohon mijin kuma ba ya cikin masu shari'ar.