Sharhi a Kan Hanyoyin Auna Saurin Buɗewar Shafukan Intanet

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu rubutu kan harkar intanet, wato jera fitattun shafuka bisa ga saurin buɗewarsu, a ce wannan ya zo na ɗaya, wancan na goma. Galibi akan sa adireshin shafi cikin ma'aunin PageSpeed Insights na kamfanin Google, a kwafe makin da ya fito daga 0 zuwa 100, a yanke hukunci. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa wannan maki shi kaɗai bai isa hujjar fifita wani shafi a kan wani ba. Batun yana da muhimmanci, domin tun 2010 Google ya sanar cewa sauri na cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike, a 2018 kuma ya faɗaɗa wannan zuwa wayoyin hannu. Ke nan mai shafin da aka yi wa gurɓataccen awo yana iya ɓarnar kuɗi wajen gyaran abin da bai lalace ba.

2.0 Awon gwaji da naƙasunsa

Makin da ake magana a kai yana fitowa ne daga manhajar Lighthouse, wadda kan kwaikwayi waya mai matsakaicin ƙarfi a kan layi mai gudun kimanin megabit 1.6 a daƙiƙa. Tana haɗa awo biyar. Kashi 30 cikin 100 na makin ya rataya ga tsawon lokacin da shafi ya sandare bai iya amsa taɓawa ba, kashi 25 ga lokacin bayyanar abu mafi girma a allo, kashi 25 ga tsalle-tsallen rubutu da hotuna yayin buɗewa. Ragowar 20 an raba su biyu tsakanin bayyanar abin farko da saurin cikar allo.

Naƙasu na farko shi ne wannan rabo yakan canja. A fitowar Lighthouse ta 10, cikin 2023, an cire awo guda, aka ɗaga kason tsalle-tsalle daga 15 zuwa 25. Shafin da ba a taɓa shi ba sai ga makinsa ya hau ko ya sauka. Wanda ya gwama makin 2022 da na 2024 ya auna hatsi ne da mudu biyu masu girma dabam.

Na biyu, gwaji ɗaya ba abin dogaro ba ne. Tallace-tallacen da ke cikin shafi suna sauyawa daga wannan buɗewa zuwa waccan, cinkoson layi ma haka. Masu Lighthouse da kansu sun ba da shawarar a maimaita gwaji sau biyar a ɗauki sakamakon tsakiya. Saboda haka tazarar maki biyu ko uku tsakanin shafuka biyu ba ta tabbatar da komai.

Na uku shi ne nisa. Haske na tafiya cikin zaren gilashi da gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kusan kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas. Zuwa da dawowa ke nan kilomita 14,000, wato milisakan 70 aƙalla, kuma waya kan yi irin wannan kai-da-kawo sau da dama kafin harafin farko ya bayyana. Ga kuma sauran tafiya daga Legas zuwa Kano ko Maiduguri. Awon da aka yi daga wata kwamfuta a Turai bai bayyana halin da mai karatu yake ciki a Gusau ba.

3.0 Awon ainihin masu karatu

Wani zai ce ai akwai mafita, tunda Google yana tattara bayanai daga ainihin masu amfani da Chrome na tsawon kwana 28. A wannan awo, shafi ya yi kyau idan abu mafi girma a cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5 a kashi 75 cikin 100 na ziyarce-ziyarce. Babu shakka wannan ya fi awon gwaji kusa da gaskiya. Amma duk da haka ba ya ƙidaya masu iPhone, ba ya ƙidaya masu Opera Mini, manhajar da jama'a da yawa a ƙasar nan suka runguma don tsimin data, kuma shafin da ba shi da isassun baƙi ba ya samun sakamako ko kaɗan.

Daɗin daɗawa, wannan awo yana cakuɗa halin shafi da halin masu karanta shi. Shafi mai nauyi wanda yawancin masu karatunsa ke Jamus da manyan wayoyi yana iya tsere wa shafi marar nauyi wanda masu karatunsa ke karkara inda layi ke da rauni. A nan ƙarfin aljihun mai karatu aka auna tare da ƙwarewar mai ginin shafi, sa'an nan aka jingina sakamakon ga mai ginin shi kaɗai.

4.0 Kammalawa

Ba a ce a yi watsi da waɗannan ma'aunai ba, domin suna da amfani wajen nuna wa mai shafi hoton da ya yi nauyi ko tallar da ke jawo jinkiri. Inda gizo ke saƙa shi ne mayar da su alƙalan gasa. Duk kwatancen da za a karɓa a matsayin bincike ya kamata ya faɗi wurin da aka yi awo, da irin waya da layi, da ranar gwaji, da fitowar manhaja, da yawan maimaici. Ma'aunin WebPageTest yana ba da damar zaɓen wuri da gudun layi, don haka ya fi dacewa da irin wannan aiki. Haka kuma a riƙa faɗin nauyin kowane shafi da megabait, tunda shi ne mai karatu ke biya da kuɗinsa. Ana kira ga malaman da ke duba ayyukan ɗalibai da su nemi waɗannan bayanai kafin su amince da kowane jadawalin kwatance.